Washin rabo da sizo: da mariƙi ko da hannu?

Ɗan Wadata, Niamey:
Assalamu alaikum iyayen gida. Gardama ta tashi a atiliye. Wasu sun ce duk mai ɗaure bakin rabo (abin fere katako) ko sizo (abin sassaƙa katako) a mariƙin nan mai ƴar taya kafin ya wasa, bai iya aiki ba. Haka ne? Kuma yaya ake saita shi?

Minuziyen Katako:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin mariƙi ɗaya ne, ya hana karkatar baki sauyawa. A irin na Eclipse, mai matsewa ta gefe, tsawon ƙarfen da ka fito da shi ne ke ba da digiri. Bakin rabo: milimita 50 na ba da digiri 25, milimita 38 na ba da digiri 30. Sizo kuwa milimita 40 na ba da digiri 25, milimita 30 na ba da digiri 30. Kafa ƴan guntayen katako a kan allo daidai awon nan, ka huta da aune-aune kullum. Fara da 25 a dutse mai kaushi, ka ƙare da 30 a mai laushi. Kada ka tsaya sai ka ji ɗan ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, tun daga wannan gefe har wancan. Sannan ka kwantar da bayan a kan dutse ka goge shi. In bayan bai miƙe sumul ba, ko wace hanya ka bi ba za ka samu kaifi ba.

Tsohon Ader, Tahoua:
Yaro, kada kuma a raina washin hannu. Ya fi sauri, kuma gizago da sizo mai lanƙwasa ba su shiga mariƙi. Awonsa a ido yake: in faɗin gangaren baki ya ninka kaurin ƙarfen sau biyu, digiri 30 ke nan. Matsalarsa wuyan hannu. In yana lilo, gangaren ya yi tudu, sai rabo ya riƙa sulɓewa a kan katako bai ci ba. Manne gwiwar hannu a jiki, motsin ya fito daga ƙugu.

Minuziyen Katako:
Gaskiya ne Baba. Mariƙi ma da nasa aibi: yana sa a yi ta bin tsakiyar dutse har ya yi kwari, baki ya fito da ciki. Don miƙar da dutsen, shimfiɗa takarda mai yashi a kan gilashi, ka zana dutsen da fensir, ka goga har zanen ya ɓace.

Mai Zarto:
Ni dai ban ga abin gori ba. Mai ciwon hannu ko raunin ido mariƙi zai fisshe shi, wanda hannunsa ya saba a bar shi da nasa. A gwada kaifin a kan yankakken bakin farin katako: in ya fere sumul bai murƙushe ba, ya yi. Katakon iroko da na ƙirya suna saurin dakusar da baki, a ba bakin digiri 30 zuwa 35. A injin washi kuma a riƙa tsoma ƙarfe a ruwa, domin in ya yi shuɗi taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin duka. Dutsen mai a ɗiga masa man keken ɗinki, ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya toshe shi. Da hunturu a rufe shi, ƙura na kartar dutse mai laushi.