Zama a Ƙauye Domin Zagaya Ƙasar Daura da Kewayenta: Abin da Kowa Ya Gani

Mai tambaya, daga Katsina:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar ɗaukar iyalina a hutun makaranta mu sauka a gidan ’yan uwa a wani ƙauye da ke tsakanin Mani da Daura, mu riƙa fita da safe muna ganin duwatsu da fadamu da tsofaffin garuruwa, mu dawo kafin magariba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan su faɗi abin da suka gani da idonsu, ba abin da suka ji a bakin wani ba.

Malamin makaranta, daga Mani:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda a ƙasarmu za ka sauka, ka fara da Durɓi ta Kusheyi. Wanda bai san tarihin wurin ba zai iya wucewa bai waiwaya ba, domin abin da ido ke gani tuddan ƙasa ne kawai a tsakiyar gonaki, amma a ƙarƙashinsu aka binne sarakunan da ake dangantawa da Durɓawa, waɗanda suka yi mulkin ƙasar Katsina kafin gidan Korau. An fara tona wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992, inda aka samu awarwaron hauren giwa da tasoshin tagulla da duwatsun wuya da kuɗin wuri, daga baya aka kai su Jamus aka gyara. Na sha kai ɗalibai, kuma na lura cewa zuwan da muka fara biyawa ta wurin mai unguwa, ya haɗa mu da dattijon da ya san wurin, shi ne yara suka fi ƙaruwa da shi. Da muka je kai tsaye, mutane sun amsa gaisuwarmu cikin mutunci, sai dai babu wanda ya buɗe baki ya ba mu labari, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ba su san da me muka zo ba.

Ma’aikacin gona mai ritaya, daga Daura:
Malam ya yi gaskiya a kan maganar mai unguwa, amma ni lokacin tafiyar ne ya fi damuna. Idan kore kake son gani, ka zo daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da gero ya fi mutum tsawo, kwari ya cika da ruwa, sai dai hanyoyin ƙauye kan yanke, kuma sauro ba ya ragawa baƙo. Ni na fi son bayan kaka, wajen Nuwamba da Disamba, domin a lokacin ne ake ganin rumbuna cike, ana sussuka a bakin gari, masu lambu kuma sun koma fadama kusa da madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam. Ka nuna wa yaranka gawo. Itace ce da ke zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani sa’ad da sauran itatuwa suka bushe, shi ya sa manomi ba ya sare ta: ba ta yi wa shuka inuwa lokacin da shuka ke bukatar rana, ganyenta taki ne, ’ya’yanta kuma abincin awaki. Na taɓa tsayawa a gonar wani tsoho a yankin Sandamu, ya sa ni na dubi karan geron da ke gindin gawo da wanda ke nesa da ita, kaurinsu ma ba ɗaya ba ne.

A cikin garin Daura kuwa, rijiyar Kusugu ba ta bukatar dogon bayani. An kewaye ta da gini, ana ɗebo ruwan a ba baƙo ya sha, a ba shi labarin Bayajida da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma’a. Idan zuwanka ya dace da Sallar Gani, to ka ga hawan da Daura ta yi suna da shi.

Direban mota, daga Mashi:
Alhaji, ƙaramar mota ba ta shiga rairayin ƙauyukan Zango da Ɓaure yadda ake so, musamman da rani. Ka bar ta a bakin titi a hannun wanda ka yarda da shi, ku ƙarasa da babur ko amalanke. Kuma idan za ka kasuwar Mai’aduwa ranar Lahadi, ka riƙe katin shaidarka, domin iyakar Nijar na kusa, shingayen bincike kuma suna da yawa.

Hajiya, malamar asibiti daga Daura:
Duk waɗanda suka yi magana maza ne, kuma iyakarsu zaure. Ni da na raka wasu baƙi mata wani ƙauye a yankin Dutsi, cikin gida aka shigar da mu, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wata dattijuwa tana ginin tukunya ba tare da wani inji ba, ta kifa tsohuwar tukunya ta lulluɓe ta da yumɓun da aka cuɗa da ƙaiƙayi, tana bubbugawa da ɗan katako har kaurin ya daidaita ko’ina, kishiyarta kuma na gefe tana saƙar faifai da kaba. Malam, ka bar maiɗakinka da ’yan matanku su shiga su zauna, su tafi da ɗan sabulu ko goro, amma ka gargaɗe su kada su ɗaga waya su ɗauki hoton kowa sai an ba su izini. Ɗaya daga cikin baƙina ta yi haka, nan take hira ta mutu, sai da na yi ta ba da haƙuri. Ku tafi da gidan sauro da ruwan sha na yara, domin ruwan rijiyar da mutanen gari suka saba da shi yakan ɓata cikin ɗan birni.

Ɗalibin jami’a, daga Dutsin-Ma:
Ina neman afuwar iyayena da suka rigaye ni, amma mai tambaya ya ambaci duwatsu, kuma gaskiya ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce. Mai son hawa da gangara gara ya nufi Kazaure da Roni a Jihar Jigawa, waɗanda ba su da nisa daga Daura, ana zuwa a dawo a yini. Mai son tsuntsaye kuma ya nufi dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja da sanyi, lokacin da tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suke sauka, amma wannan tafiyar kwana ce. Mu a wajenmu akwai duwatsu masu kyau, ga madatsar Zoɓe, ga dajin Rugu da iyayenmu ke ba da labarin namun dajinsa, sai dai ba zan ba kowa shawarar kai iyali yankin Safana ko Batsari yawon buɗe ido ba. An yi zaman sulhu da ’yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi a 2025, amma ko mu ’yan gari sai mun tambayi halin da hanya ke ciki a safiyar ranar kafin mu fita.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da hutun Disamba, kuma na riga na aika wa ɗan uwana ya sanar da mai unguwa zuwanmu. Saura tambaya ɗaya ga direbanmu na Mashi: daga Mani zuwa Durɓi ta Kusheyi, ƙaramar mota na iya kaiwa, ko ita ma sai an nemi babur?