Paris ko Orlando? A ba ni shawara kafin mu biya kuɗi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kai yara filayen wasa na Disney ko Universal. A Leeds muke zaune, mu biyar ne da maigida da yara uku: babban shekararsa 12, mai bi masa 9, auta 5. Mun yi musu alkawarin fita a dogon hutun Agusta, kuma mun tara wajen fam 5,000. Yanzu kan gida ya rabu. Babban ya kafe sai Orlando saboda sabon filin Universal da yake kallo a YouTube, ƙannen kuwa su dai su ga Mickey, ko ina ne. Maigida ya ce Paris ta fi kusa, amma wata maƙwabciyata ta ce na Paris ɗin ƙarami ne, asarar kuɗi kawai. Yaran fasfon Birtaniya gare su, ni da babansu har yanzu koren na Najeriya muke riƙe da shi. Don Allah wanne ya fi, kuma kuɗin nan zai kai mu?

Baban Sultan: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar wanne ya fi daɗi, a fara da fasfo. Yaranki ba sa buƙatar biza zuwa Faransa, Amurka kuma takardar ESTA kawai za a cike musu ta intanet. Ke da Alhaji ne aiki ke gabanku. Kuɗin neman bizar yawon buɗe ido ta Amurka dala 185 ne kowane mutum, ba a mayarwa idan an hana, kuma sai an je an yi hira da ku. A Yulin 2025 aka rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya, daga nan kuma sai ƙara ɗaurewa ake yi. Ta Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, yuro 90 ce, matsalarta samun ranar kai takardu idan hutu ya ƙarato. Kada ki biya jirgi ko otal ɗin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shigo hannu.

Yaya Sadiq: Ni dai ina bayan yaron nan, ya san abin da yake so. A Amurka nake, kuma maganar gaskiya Universal ta sha gaban Disney a shekarun nan. Filinsu na Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayun 2025 sabo ne fil, a nan Super Nintendo World yake, ga kuma lilon VelociCoaster a filinsu na Islands of Adventure, wanda ban ga lilon da ya kamo ƙafarsa a filayen Disney huɗu na Orlando ba. Disney kuwa tsohon suna suke ci. A da akwai FastPass, ka kama lokacin hawa kyauta, a 2021 suka mayar da shi na kuɗi da sunan Genie+, a 2024 suka sake masa suna Lightning Lane. Motar da take kwaso baƙin otal ɗinsu kyauta daga filin jirgi ma sun daina tun farkon 2022. Kullum kuɗi na hawa, abin da ake ba ka na raguwa.

Anti Bilki: Sadiq, kai da ba ka da ɗan shekara biyar ai dole ka faɗi haka. Ita Universal ɗin kyauta take ba da Express ɗinta, tikitin tsallake layi? VelociCoaster sai yaro ya kai santimita 130 ake barinsa ya hau. To autar me za ta yi, ta tsaya a rana tana riƙe wa yayanta jaka?

Maman Hanifa, ki ɗauko abin awo yau ɗin nan ki auna tsawon yaranki da takalminsu a ƙafa, domin a waɗannan wurare tsawo ake dubawa a bakin ƙofa, ba shekaru ba, kuma ma'aikatan ba a roƙonsu. A Paris, Big Thunder Mountain santimita 102 ne, Crush's Coaster 107, Hyperspace Mountain 120. Akwai kuma abubuwan hawa da yawa da ba su da ƙa'idar tsawo ko kaɗan, duk ku shiga tare. Abin da masu zagin Disney ba sa faɗa shi ne ba lilo kaɗai suke sayarwa ba. Faretin la'asar, wasan wuta da ake yi a kan fadar nan da dare, yadda ɗan ƙaramin yaro yake daskarewa idan Mickey ya durƙusa ya rungume shi, wannan ba ka samunsa a wurin da ake gasar wanda ya fi juya maka hanji. Kuma mai cewa na Paris asara ne, ina jin ba ta je ba. Filaye biyu ne a can. Na farko da aka buɗe a 1992 yana cikin mafi kyawun gini da suke da su, har dodon da ke motsi a kogon ƙarƙashin fadar akwai. Na biyun, wanda aka buɗe a 2002, shi ne aka daɗe ana kuka da shi, shi ma an ƙara masa Avengers Campus, sashen jaruman fina-finan Marvel, a 2022, wanda zai ɗauke hankalin babbanki.

Yaya Sadiq: Na sallama a kan autar, Anti. Amma filaye biyu na Paris ba za su zama shida ko bakwai na Orlando ba.

Anti Bilki: Fam 5,000 ɗin ma ba za su zama 10,000 ba.

Malam Nura: Anti ta taɓo inda yake. Mu yi lissafi. Daga Ingila zuwa Orlando tafiyar kusan awa 9 ce, kuma babu mai zuwa can don kwana uku. Kujera biyar a watan Agusta za su iya lashe fiye da rabin abin da kuka tara tun ba ku taka ƙofar fili ba. Sai masauki na mako guda ko biyu, hayar mota, kuɗin ajiye ta a fili da ya kai dala 30 ko fiye kowace rana, abinci sau uku na baki biyar, da inshorar lafiya, wadda ba a wasa da ita a Amurka. Tikitin yaro a can daga shekara 3 zuwa 9 ne, a Paris kuma har 11, don haka babbanki kuɗin manya za a biya masa ko ina kuka je. Sannan Agusta a Filorida zafi ne mai naso, kusan kullum da hadarin yamma, idan aka fara walƙiya kuma sai a tsayar da lilon da ke waje. Tsakiyar lokacin guguwa ne ma. Da wannan kuɗin, Orlando za ku je ne kuna ƙirga kowace kwalbar ruwa, Paris kuwa kwana uku ko huɗu hankali kwance, har da canji.

Maman Twins: Ku ciro su daga makaranta a Satumba mana, farashi faɗuwa yake yi sosai.

Baban Sultan: A'a, Hajiya, kar ki jefa ta cikin rigima. A Ingila tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uwa daban uba daban, ta koma 160 idan aka wuce kwana 21 ba a biya ba. Yara uku, iyaye biyu, fam 480 ke nan. Idan sauƙi ake nema a duba hutun tsakiyar zango na Oktoba.

Abu Yasir: Me ya sa ba a kawo Abu Dhabi ba? A tsibirin Yas akwai Warner Bros. World da Ferrari World da SeaWorld, kusan duka a rufe cikin sanyin na'ura, abinci halal ne ba sai kin tambaya ba, ga wurin sallah a ciki. Lilon Formula Rossa na Ferrari World gudun kilomita 240 yake a awa. Disney ma sun sanar a 2025 cewa a nan za su gina sabon filinsu. Sai dai waje a Agusta ba ya fituwa, kuma mai koren fasfo ya tabbatar da sharuɗɗan biza tukuna.

Kawu Bala: Ni da za ku ji tawa, ku kai su gida su ga kakanninsu, kuɗin ya fi albarka. Amma na san yaran yanzu.

Tanti Hadiza: Ina wuni, 'yar uwa. Ni 'yar Damagaram ce, a gefen Paris nake aure. Idan kun tsayar da nan, ga abin da zai rage miki kashe kuɗi. Jirgin ƙasa na Eurostar da yake zuwa Disney kai tsaye daga Landan ya daina tun 2023, yanzu sai kun sauya a Lille, ko ku sauka Gare du Nord, ku shiga jirgin ƙasan cikin gari RER B tasha ɗaya, ku kama RER A zuwa Marne-la-Vallée Chessy, tashar tana bakin ƙofa. Ba dole ba ne ku kwana otal ɗin Disney. A Val d'Europe, tasha ɗaya kafin nan, akwai masaukai masu ɗakin girki da babban kantin Auchan, ki dafa abin karin safe da na dare da kanki, kin huta da tambayar naman halal. Ki sa wa kowa gorar ruwa a jaka, akwai famfo a ciki. Tikiti ki saya ta intanet mai kwanan wata, tsakiyar mako ya fi araha. Ana buɗe ƙofa ku nufi Crush's Coaster, don layinsa kan wuce awa guda da rana. Babban kuma ya riƙa bin layin masu hawa su kaɗai, ya fi sauri nesa ba kusa ba. In har yanzu yana ƙorafin lilo, ku ba shi yini guda a filin wasa na Parc Astérix, arewa da Paris, ya hau lilon Toutatis.

Maman Hanifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na auna su: auta 109, ta tsakiya 134. Mun zauna da maigida, Paris za mu in sha Allahu, da yinin Parc Astérix saboda babban. Har yanzu yana kumbure-kumbure, na ce masa ai Universal sun ce za su buɗe nasu a Bedford, nan Ingila, a 2031, ya ce lokacin ya tsufa. Tanti, kwana biyu a Disney sun isa ko mu yi uku?

Tanti Hadiza: Ku yi uku, saboda autar. Da rana ku koma masauki ta yi barci, ku dawo da yamma, don a Agusta sai wajen ƙarfe 11 na dare ake wasan wutar. Ki fara neman ranar biza gobe da safe.