Siramik: tangaran ne, tukwane ne, ko me za mu ce?

Jama'a, kalma nake nema. Akwai kayan nan da ake ginawa da hannu, a gasa su a wuta, a ƙawata ɗaki da su: faranti na ratayawa a bango, tulun zuba furanni, gindin fitila, tayil mai zane, ɗan kwanon da ake ajiyewa a tebur don kallo kawai. Masu yin su kan ɗauko siffa daga abin da suka gada, su ɗauko launi daga ƙasar da suke zaune, ko jan tudu ne, ko shuɗin ruwa, ko tokar dutse. Turawa suna tattara su duka a kalma ɗaya, ceramics, mu kuma har mun fara cewa siramik. Me Bahaushe zai kira su?

Kafin a fara jefo amsa, ga sharaɗina. Duk kalmar da za a kawo, sai ta iya ɗaukar abu uku ba tare da an matsa mata ba: farin kofin ƙasar Sin wanda haske ke ratsawa, kan mutum-mutumin yumɓu irin na Nok a kudancin Kaduna, da kuma tulun Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan ta Nijeriya. Wadda ta ɗauki biyu ta bar ɗaya, ba ita ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amsar farko ta zo, kuma ita na yi zato: tangaran. Hajiya, na gode, kuma ban ƙi ta taki gaba ɗaya ba. Tangaran kalma ce mai rai, yaro ma ya san ta. Amma idan kika ce tangaran, abin da ke zuwa ido shi ne fari, mai santsi, mai sheƙi, wanda in an ƙwanƙwasa zai yi ƙara siririya. Wannan ya dace da kofin Sin ɗin. Shi ake yi a birnin Jingdezhen tun ɗaruruwan shekaru, da farin yumɓun da ake kira kawolin, sunan da ya samo daga wani ƙauye mai suna Gaoling a kusa da birnin. Turawa sun daɗe suna sayen sa ba su san sirrin haɗinsa ba, sai a 1708 aka dace a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Duk wannan tangaran ne, ba musu.

To amma ki ɗauki kan mutum na Nok, cikin kayan yumɓun da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, masu shekara fiye da 2,000. Ja ne, mai kaushi, ba sheƙi ko kaɗan. Ko sojojin yumɓun nan da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin a 1974, waɗanda aka kiyasta sun kai 8,000. Wa zai kalle su ya ce tangaran? Su kuwa siramik ne cikakku. Tangaran ta faɗi fatar abu, ba ta faɗi jikinsa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan rikitarwa. Kayan birnin Delft na Holan, masu fari da shuɗi, da zanen injinan iska da jiragen ruwa, a ido tangaran ne sak. A ƙarni na 17 aka yi ta yin su don kwaikwayon na Sin. Amma in ɗaya ya fashe ka duba bakin fashewar, za ka ga cikinsa yumɓu ne na yau da kullum mai laushi, farin kawai shafa masa aka yi. Mu dai za mu ce masa tangaran, kuma ba mu yi laifi ba, domin abin da muke gani muke kira. Wannan ne ya sa nake so kalmar ta tsaya inda take, ta zama sunan mai sheƙi, kada a ja ta ta rufe duka.

Wani ɗan'uwa ya tuno mana da faɗi-ka-mutu. Allah ya saka, na yi dariya. Suna ne mai daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai gilashi ma in ya faɗi mutuwa yake yi. Sannan ka yi tunanin maginiya ta shafe mako tana gyara wuyan tulu, ta kai shi baje koli, a liƙa masa takarda an rubuta faɗi-ka-mutu. Mu bar shi a bakin masu barkwanci.

Malam, kai ka ce me ya kai mu neman sabuwa, ga ginin tukwane muna da shi tun kaka da kakanni. Allah ya gafarta Malam, a nan ne na fi daɗewa ina juya magana, domin hujjarka ta fi ta kowa ƙarfi. Sana'ar dai ita ce. Wanda ke gina tulun furanni na ado da wadda ke gina randa, hannu ɗaya suke yi: a tace yumɓu, a kwaɓa, a murza shi kamar igiya, a yi ta ɗorawa ana shafewa, ko kuma a ɗora curi a kan faifai mai juyawa a ja shi sama. Sunan mai sana'ar ma ba sai mun taɓa ba, magini da maginiya sun isa.

Inda ta gaza shi ne tukunya siffa ce, kuma aiki ce. Ka ce wa mutum na sayi tukwane zan manna a bango, sai ya dube ka sau biyu. Tayil ɗin garin Iznik na Turkiyya da suka lulluɓe cikin masallacin Sultan Ahmed a Istanbul, fiye da 20,000, masu zanen furanni da itatuwa, maginan yumɓu ne suka yi su, amma ba tukwane ba ne. Mutum-mutumin Nok ma haka.

Bari in tsaya a kan tulun Ladi Kwali, domin shi ne gwajin da ya fi wuya. Ta koyi gini irin na matan Gbagyi, da hannu, ba faifai. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani magini Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko da ta shiga a matsayin maginiya. Manyan tulunanta ba ta canza musu siffa ba. Ciki ne fakeke, wuya gajere, jikin kuma an raba shi gida-gida da layuka, a kowane gida ta tsaga ƙadangare ko kunama ko kada ko hawainiya ko kifi, da bakin abu mai kaifi, ta cika jikin dabbar da ƙananan zane a gicciye. Dabbobin da ke kewaye da ita ne, ba daga littafi ta ɗauko su ba. Abin da ya sauya shi ne wuta. Maimakon a tula itace da ciyawa a kai a cinna, sai aka shafa wa tulun ruwan sheƙi aka sa shi a matoya mai zafin gaske.

Sakamakon fa? Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda jikinsa na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. Wanda aka gasa da wuta mai tsanani aka rufe da sheƙi ya toshe, ya ƙara nauyi, ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya komai. Siffar tulu ce, amma ya bar aikin tulu, ya koma abin kallo. An kai irinsu baje koli a Landan, ita kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. To wannan abu, tukunya za ka ce masa, Malam? Tangaran? Kowace ka faɗa sai ka ji ta ɗan karkace. Kuma irin kayan da nake nema wa suna ke nan, waɗanda suka fito daga gado suka zauna a falo.

Saboda haka na koma na tambayi kaina, me ya haɗa ukun nan? Yumɓu da wuta. Ita kanta kalmar Turawan daga Girkanci take, keramos, wato yumɓun magina da abin da aka yi da shi. Ba wani abu mai zurfi suka faɗa ba.

Wutar kuwa ita ce iyaka. Tulun da ya bushe a rana, komai taurinsa, in ka jiƙa shi zai koma laka. Amma da zarar zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin salshiyos, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kansa sai ya fita, kuma ba ya dawowa har abada. Daga nan ya zama wani abu daban. Shi ya sa ake tono tsingaro mai shekara dubbai yana nan da zanensa. Jan yumɓu na yau da kullum akan gasa shi zuwa wajen 1,000 ko 1,100. Mai tauri irin na dutse, kamar na Ladi Kwali, sai an kai 1,200 zuwa 1,300. Farin na Sin yana iya kaiwa 1,400. Tun daga bushewa har fitowa daga wuta abin yana ƙanƙancewa, sau da yawa da fiye da kashi goma cikin ɗari, shi ya sa magini ke gina murfi da mazauninsa tare, in ba haka ba ba za su haɗu ba.

Don haka ga abin da na kawo: gasasshen yumɓu. Shi ne sunan abin da aka yi kayan da shi. A maganar yau da kullum a ce kayan yumɓu, tunda ba wanda ke sayar da ɗanye. Sana'ar kuma ginin yumɓu, wadda ta haɗa tukwane da tayil da mutum-mutumi. Na ƙawata ɗaki, adon yumɓu.

Yaya, kin ce me ya sa ba toyayye ba, alhali wurin da ake sa tukwane a wuta matoya ake ce masa. Gaskiyarki, kuma a bakin magina toya ɗin ce ta asali. Na bar ta ne saboda kunnen sauran jama'a. Da yawa in sun ji toya, madafa suke tunawa. Gasa kuwa mun riga mun saba da ita a gasasshen bulo, ba wanda ke ruɗewa. Matoya ta zauna a matsayinta na sunan wurin, ko ta itace ce, ko ta gas, ko ta lantarki.

Wani ya ce laka fa? A'a. Laka tana ko'ina bayan ruwan sama. Yumɓu shi ne mai danƙo, wanda za ka murza ka lanƙwasa bai tsage ba. Sannan ginin laka da ginin ƙasa sun riga sun tafi ga gidaje. Wannan ma ya taimaki ginin yumɓu, domin ya tarar da wurin a buɗe. Na san wani zai iya ji ya zaci katanga ake nufi, amma jimla ɗaya ta isa ta warware.

Mu gwada su a baki. Ta buɗe shagon adon yumɓu, duka ginin hannu. Ya karanta ginin yumɓu a jami'a. Wannan farantin gasasshen yumɓu ne, launinsa daga tokar itace aka samo. Kayan yumɓunta ba tangaran ba ne, gogewa ta yi da dutse har suka yi sheƙi. Jimlar ƙarshen nan ita ta fi gamsar da ni, domin ta bayyana aikin mutane irin su Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zo Abuja ta da a shekarun 1970 ta ga aikin Ladi Kwali, kuma tulunanta ba ta shafa musu ruwan sheƙi, goge su take yi, wuta ta ba su ja ko baƙi. Da tangaran muka ɗauka a matsayin sunan duka, da ba mu iya faɗin wannan bambancin ba.

Injiniya, na ga ƙorafinka, kuma na karɓa. Farin da ke jikin fulogin mota da wuƙar nan fara da ba ƙarfe ba, su ma siramik ake ce musu, alhali ba daga yumɓu ake yin su ba, daga garin wasu ma'adinai ne da aka matse aka gasa. Kiran su kayan yumɓu ƙarya ce. A wannan fagen ku riƙe siramik ɗinku, ba abin kunya ba ne, mun ari kwamfuta ba mu mutu ba. Ni abin da ba na so shi ne a ce wa tulun da mace ta gina da yatsunta siramik, kamar daga jirgi aka sauke sana'ar.

Saura abu ɗaya da ban gama yanke shawara a kai ba, shi ne ruwan da ake shafa wa kayan da aka riga aka gasa, kafin a mayar da su wuta karo na biyu. Tun ɗazu ina ce masa ruwan sheƙi. A haƙiƙa gilashi ne: garin yashi ko dutse, da abin da zai sa shi narkewa kamar toka, da ɗan yumɓu don ya kama jiki. Launi kuma daga ƙarfe yake zuwa, kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore, baƙin ƙarfe ya ba da ƙasa-ƙasa. Kafin wuta ba shi da kyan gani, kamar farar ƙasa da aka dama, sai ya narke launin ke fitowa. Ruwan gilashi ya fi faɗin gaskiyar abin, domin akwai wanda ke fitowa ba ƙyalli, a dushe, kuma da gangan ake yin sa haka. Ruwan sheƙi kuma ya fi sauƙi a baki. Magina da ke nan, musamman masu aiki da matoya mai zafi, ku wanne kuke cewa a wurin aiki?