Shago ya cinye ni, masu sana'a ya kuke yi da gida?

Mai Shadda KD:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon shadda da yadi a kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, shekara shida kenan da maigidana ya sallame ni na tsaya da ƙafata. Alhamdulillahi ana samun na cefane. Matsalata gida ce. A Rigasa nake zaune, bakwai na safe na fita saboda cunkoson Bakin Ruwa, ban dawowa sai bayan isha'i, kuma ko na dawo ɗin jikina ne kawai ya dawo, ina cin tuwo da hannun dama waya na hagu, wannan yace turo min hoton kalar toka, waccan tace ta tura kuɗi in duba alat. Duk bayan sati biyu kuma ina Kano, Kantin Kwari, wajen sari. Abin da yasa na yi rubutun nan, shekaranjiya yarona ɗan shekara shida ya yi dariya naga giɓi a bakinsa, nace kai yaushe ka yi famfara? Uwarsa ko ɗago kai ba ta yi ba tace yau sati uku. Wlh kunya ta kama ni. Dan Allah ya kuke yi? In na rage lokacin shago ina tsoron kwastomomi su gudu.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumussalam. Malam kai gara kai ma, kana da ƙofar da kake sa wa kwaɗo ka taho. Ni turaren wuta da humra nake yi a gida a Malali, falona shi ne shagon, kicin ɗina shi ne kamfanin, akwai lokacin da maigidan yace shi har shayinsa ƙamshin sandal yake. Abin da ya cece ni waya biyu. Na sayi ƙaramar Android na sa layin kasuwa da WhatsApp Business, akwai wajen da kake saita saƙo ya riƙa amsawa da kansa in ka tashi, nawa yana cewa mun rufe sai takwas na safe in sha Allah. Tara na dare tana yi sai in jefa ta a durowa. Ba zan maka ƙarya ba na rasa mutum biyu ko uku, irin masu son a amsa musu sha biyun dare, amma da na duba littafi sai naga dama su ne masu cin bashi. Sannan a matsayina na mace bari in faɗa maka, kada ka ce za ka wanke laifin nan da ledar tsire ko kaza, mun gane wannan dabarar tuntuni. Zama matarka take so, ka tambaye ta ya ta wuni kuma ka tsaya ka ji amsar.

Ɗan POS na Kawo:
Hajiya maganarki gaskiya ce amma fa ta wanda ya riga ya ƙoshi ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba, kuɗin mota ya ninka, haya ta tashi, wa zai rufe shago ya je ya zauna kallon haƙorin yaro? Ni in na tashi awa ɗaya na kusa da ni ya kwashe mutanena. Oga ka daure kawai, yaran ma don su kake yi.

Baban Panteka:
Yaro na Kawo, haka ni ma nake cewa ina da shekarunka. Ni a masaƙa na fara aiki a Kakuri, lokacin ana shif, in an busa tashi ka tashi, ka san awanninka. Da masaƙun suka durƙushe na dawo Panteka ina sayar da ƙarafa da kayan gini, sai na zama ni ne mai shago ni ne yaron shago ni ne mai gadi, na yi wajen shekara goma haka, babban ɗana har ya gama sakandare ban taɓa taka makarantarsu ba. Yanzu in na kira shi gaisuwa ce kawai, lafiya lau Baba, shikenan, ba mu da hira don ba mu saba ba.

Mai Shadda, ɗana, ban ji ka ambaci yaron shago ba, ina jin nan gizo ke saƙar. Kai fa wani ne ya yarda da kai ya bar maka makulli har ya sallame ka, to me yasa kai ba za ka iya yarda da kowa ba? Ka samu yaro, ba lallai ɗan uwa ba, don ɗan uwa in ya ci ba ka iya magana sai an taru a kanka. Ka ƙirga kaya a gabansa, ka ba shi littafi, duk yadin da ya fita a rubuta, kuɗi kuma su shiga asusun shago ba aljihunka ba, kai ma ka yanka wa kanka albashi. Duk Alhamis da yamma ku zauna ku yi lissafi. Za a yi maka ɓarna, wannan dole ne, wata rana dubu biyar wata rana a sayar da shadda mai tsada a kuɗin mai araha, ka ɗauka kuɗin makaranta ne kake biya. Ni sai da na canja yara uku kafin na dace.

Abu Hafsa:
Ƙarin tunatarwa kawai. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya duƙufa ibada ya bar iyali, ce masa ya yi Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Wannan ibada ce ma fa, balle shadda.

Mai Shadda KD:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, ina da yaro kusan shekara biyu amma ko fitsari zan je sai na kulle durowar kuɗi, kuma bai taɓa ɗaukar min ko sisi ba. Ranar Juma'a zan gwada barin masa shagon daga bayan masallaci, in kwashi yara mu je Murtala Square. Na Kawo kai ma ban ƙi taka ba, in azumi ya raba tsakiya aka shiga ɗinkin sallah babu zancen tashi da wuri, wannan uwar yaran ma ta sani. Jiya na kashe waya ƙarfe tara, da safe na tarar da saƙo goma sha huɗu, mutum ɗaya ya riga ya saya a wani wajen, yadi goma ne kuma, ya ɗan min zafi. Hajiya dan Allah a ina ake saita saƙon nan, na shiga setin na duba ban gani ba.