Wai ta yaya ake gane mutanen da can sun yi hulɗa da juna?

Sabon_Ɗalibi: Salam 'yan uwa, dan Allah masu tono kayan tarihin nan ya suke gane wata al'umma ta yi hulɗa da wata alhali ba rubutu ba komai sai fasassun tukwane da ƙasusuwa? Ni dai gani nake kamar shaci-faɗi ne.

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam, ba shaci-faɗi bane ƙanena. Duba jirgin ruwan Uluburun da aka gano a gaɓar Turkiyya a 1982, ya nitse wajen shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa, a cikinsa akwai jan ƙarfe kusan tan 10 wanda gwaji ya nuna daga tsibirin Saifurus yake, ga kuza ga hauren giwa har da hatimin zinare mai sunan sarauniya Nefertiti ta Masar, duk a jirgi ɗaya fa.

Hajiya_Kimiyya: Haƙori ma yana tona asiri wlh. Ruwan da mutum ya sha yana yaro yana barin alama a ciki, haka aka gane wani da aka tono kusa da Stonehenge (wani tsohon wurin tarihi mai manyan duwatsu) a Ingila a 2002 can wajen tsaunukan Alps na tsakiyar Turai ya taso.

Sabon_Ɗalibi: Ikon Allah! To amma Malam ai kaya kan bi hannu-hannu, mai shi bai taɓa zuwa ba.

Malam_Tarihi: Gaskiyarka, nan ne ma masu tonon su kansu suke ta musu har yau.