Abin da aka tattauna kan bai wa kowa dama a jami'o'inmu

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu.

1. Kusan kowa ya yarda matsalar farko ita ce gine-gine. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yau ɗakunan lacca da yawa sai an hau matakala. Masu keken guragu sun ce abokai ne ke ɗaukarsu cak su haura da su, kuma hakan na taɓa mutuncinsu. Shawarar ita ce duk ginin da TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, za ta biya kuɗinsa, a sa masa gangaren keke da banɗaki mai faɗi tun daga zane. Ni ma nan na fi tsayawa.

2. Makafi: tun 2017 JAMB ke shirya musu jarrabawar shiga ta musamman. To bayan sun shiga fa? Ana so a riƙa ba su darussa a kwamfuta ko da rubutun makafi, da ƙarin lokaci a jarrabawa.

3. Kurame: a ɗauki masu fassara da maganar hannu aiki na dindindin.

4. Inda aka rabu: kashi 20 cikin 100 na guraben shiga jami'a, wanda ake ware wa jihohin da ke baya a ilimi. Wasu sun ce ba don shi ba da yaran karkara ba su shiga ba. Wasu kuma sun ce gyaran firamare da sakandare ya fi.

5. Ɗalibai mata masu goyo sun nemi ɗakin raino kusa da azuzuwa. Ba wanda ya musa.