Manhajar karanta hoton ƙirji a asibitin ƙaramar hukuma: me za a duba kafin a sa hannu?

Sakataren_Kwamiti

Assalamu alaikum. Masana, ina neman haske. Akwai tayi a gaban kwamitin wani asibitin ƙaramar hukuma: na'urar ɗaukar hoton ƙirji ta tafi-da-gidanka, haɗe da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke duba hoton ta ba da maki cikin ƙasa da minti ɗaya, domin zaƙulo masu tarin fuka. Asibitin ba shi da likitan karanta hoto. Yana da GeneXpert, injin gwajin kaki don gano tarin fuka, mai gurbi 4 na saka samfuri, wuta kuwa sai janareta da ɗan sola. Kwamitin ya rabu biyu. Wasu na cewa a karɓa hannu bibbiyu tunda kyauta ce ta shekara biyu, wasu na cewa ba za a bar kwamfuta ta riƙa yanke wa mutane hukunci ba. Me ya kamata a duba kafin a sa hannu? Kuma idan ta yi kuskure, a wuyan wa alhakin yake?

Likitan_Ƙirji

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka fara kwantar wa ɓangare na biyu da hankali: manhajar ba ta cewa wane yana da tarin fuka. Aikinta ta ware wanda ya kamata ya ba da kaki a gwada. Hukuncin yana hannun ɗakin gwaji da likita. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan manhaja a 2021, don tantancewa da warewa kawai, kuma ga masu shekara 15 zuwa sama. Duk ɗan kasuwar da ya ce muku tasa tana gano ciwon da kanta, ku nemi ya rubuta a takarda, za ku ga ya fara inda-inda.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar KNCV mai yaƙi da tarin fuka ta yi shekaru tana yawo da motoci masu ɗauke da na'urar hoto da manhajar karanta hoto ta CAD4TB da GeneXpert a jihohi, har da Kano. Akwai kuma qXR ta kamfanin Qure.ai na Indiya, da Lunit ta Koriya ta Kudu. A wani babban bincike da aka yi a Dhaka ta Bangaladash kan mutum sama da 23,000, wanda ya fito a 2021, manhajoji biyar sun fi likitocin hoton da aka gwada su da su. To amma binciken nan dai ya nuna ƙarfinsu yana raguwa a kan tsofaffi da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka a baya, saboda tsohon tabo a huhu yana kama da sabon ciwo.

Inda gizo ke saƙar shi ne iyakar maki. CAD4TB tana ba da maki daga 0 zuwa 100. Ku ne za ku ce daga maki kaza zuwa sama a karɓi kaki. Idan kun sauko da iyakar, za ku kama kusan kowa, amma katirij ɗinku, wato kwanson da ake zuba kakin mutum ɗaya a saka a GeneXpert, zai ƙare kafin wata ya raba. Idan kun ɗaga ta, katirij zai isa, amma masu ciwo za su koma gida su ci gaba da tari a ɗaki ɗaya da yara.

Ga lissafi a sauƙaƙe, da mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa gwajin warewa a 2014: ya kama aƙalla 90 cikin 100 na masu ciwon, ya wanke aƙalla 70 cikin 100 na marasa shi. A ce kun fita kasuwa kun ɗauki mutum 1,000, kuma 10 ne kawai ke da ciwon. Manhaja za ta nuna 9 daga cikinsu, ta haɗa da kusan 297 da ba su da shi. Katirij 306 ke nan don samun mutum 9, wato 34 a kan kowane ɗaya. A ce kuma a cikin asibiti ne, tsakanin masu zuwa da tari, inda 100 cikin 1,000 ke da shi. Za ta nuna 90, ta haɗa da 270. Katirij 360, wato 4 a kan kowane ɗaya. Manhaja ɗaya, iyaka ɗaya, amma kuɗin ya bambanta fiye da ninki takwas. Shi ya sa ba a aron iyakar maki daga wani gari, balle daga wata ƙasa.

Yadda ake yi: a watannin farko ku bar manhajar ta yi aiki a gefe, kada makinta ya hana kowa gwaji. Duk wanda ya cancanci gwaji a karɓi kakinsa, a rubuta makin hotonsa kusa da sakamakon GeneXpert a rajista ɗaya, tare da shekarunsa, jinsinsa, ko ya taɓa shan maganin tarin fuka, da matsayinsa na ƙanjamau. Idan waɗanda ciwon ya tabbata a kansu sun taru da ɗan yawa, sai a jera makin a ga inda layi zai faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya da shirinta na binciken cututtuka mai suna TDR sun fitar da jagorar wannan aiki, kuma jami'in tarin fuka na jiha shi ne ƙofar da za ku bi.

Doka ɗaya da ba a taɓawa: mai tarin mako biyu ya ba da kaki ko da manhaja ta ba shi maki 5. Mai ƙanjamau da ke tari ma haka, domin idan garkuwar jiki ta yi ƙasa sosai hoton na iya fitowa fes alhali ciwon na nan.

Ɗan_Ɗakin_Gwaji

Likita ya gama magana a kan maki. Ni zan ja hankalinku zuwa bayan fage, wato ɗakin gwaji, don a nan ake faɗuwa.

GeneXpert mai gurbi 4, idan wuta ta tsaya cak kuma duk gurbin huɗu na aiki, abin da za ta ci a yini bai wuce samfuri 16 zuwa 20 ba. Na'urar hoto kuwa tana iya ɗaukar mutum 100 ko fiye a rana guda. Idan manhaja ta nuna 30 daga cikinsu, kullum kuna cin bashin goma ko fiye. Mako ɗaya firiji ya cika da kaki, sakamako ya koma kwana biyar, wanda ya zo daga ƙauye a kan babur ba zai sake biyan kuɗin dawowa ba. Kun ɗauki hoto, kun tayar masa da hankali, ba ku sa shi a magani ba. To me aka yi ke nan?

Sannan injin ba ya son zafi. Ana so ɗakin kada ya wuce digiri 30, katirij kuma a ajiye tsakanin 2 da 28. A watan Afrilu a Arewa, in babu na'urar sanyaya ɗaki, gurbi zai fara fitar da kuskure ɗaya bayan ɗaya, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iskarsa. Ku ƙirga gurbi nawa ke aiki yau, ba nawa aka rubuta a jikin injin ba. Ku duba batirin inbata zai riƙe injin har gwaji ya ƙare, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki katirij ya tafi a banza. Farashinsa ya sauko daga dala 9.98 zuwa 7.97 a 2023, amma ba kuɗin ne kaɗai matsalar ba, isowarsa ce.

Shawarata, a ƙayyade yawan hoton yini gwargwadon abin da ɗakin gwaji zai iya haɗiyewa a ranar. Idan ana son fita ƙauyuka, a nemi Truenat, wata ƙaramar na'urar gwajin kaki, wadda ke aiki da batir kuma tana jure zafi har digiri 40.

Mai_Ɗaukar_Hoto

Ƙari kaɗan. Mummunan hoto ma manhaja za ta ba shi maki, ba ta jin kunya. Mutum bai ja numfashi ya riƙe ba, ko ya karkace, ko an yanke saman huhu inda tarin fuka ya fi zama, ko akwai laya, sarƙa, maɓallin ƙarfe ko kitso mai tsawo a kan ƙirji, duk suna karkatar da maki. Dole mai ɗauka ya zama mai rajista da hukumar masu ɗaukar hoto, ya duba hoton da idonsa kafin ya tura. Lasisin hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa (NNRA), rigar dalma, tazarar tsayuwa, tambayar mace ko tana da juna biyu, babu wanda manhaja ta ɗauke muku. Kuma a tanadi mace da labule, in ba haka ba matan aure ba za su zo ba, rajistarku ta cika da maza zalla.

Hajiya_Mai_Bayanai

Sannunku da ƙoƙari. Malam Sakatare, kalmar “kyauta” ɗin nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Ka tambaya: ranar da shekara biyun ta cika, nawa ne lasisi, a kan kowane hoto ake biya ko a shekara, da naira ko da dala? Idan allon da ke karɓar hoton ya faɗi ya fashe, wa zai saya, kuma injiniyan yana Najeriya ko sai an jira shi daga waje? Asibitocinmu cike suke da injunan da aka yi bikin buɗewa aka lulluɓe da zani.

Batun intanet ba ƙarami ba ne. Google ta gwada manhajarta ta duba idon masu ciwon suga a asibitoci 11 a Tailan tsakanin 2018 da 2019. A ɗakin bincike ta yi zarra. A fili kuwa ta ƙi karɓar kusan 21 cikin 100 na hotunan saboda hasken ɗakunan bai dace ba, jinkirin intanet kuma ya sa layi ya riƙa tsawo. Don haka ku dage a ba ku irin da ke karanta hoto a cikin kwamfutar da ke wurin, ba sai an tura ta intanet ba.

Kada kuma ku ɗauki alƙaluman kamfani a matsayin hujja. Manhajar kamfanin Epic mai hango gubar jini ta bazu a ɗaruruwan asibitocin Amurka kafin masu bincike a Jami'ar Mishigan su auna ta da kansu a 2021. Suka tarar ta kasa nuna 67 cikin 100 na masu ciwon, alhali tana kaɗa ƙararrawa a kan 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Ma'aikaci da ake damu da ƙararrawar banza, ƙarshenta daina saurare yake yi.

A yarjejeniya, a rubuta ƙarara cewa hotuna da bayanan marasa lafiya mallakar asibiti ne, kuma kamfani ba zai horar da manhajarsa da su ba sai da izini na daban, bayan an goge suna da lambar waya. Ku lura, sunan mutum yana maƙale a cikin fayil ɗin hoton kansa, ba a kan allo kaɗai ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje, ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72 idan sun fallasa ta yadda za su iya cutar da masu su, ta kuma ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da inji kaɗai ya yanke a kansa. A garin da tarin fuka ke iya fasa aure, hoton da ya yi yawo a WhatsApp ba wasa ba ne.

Sai batun sabuntawa. Kamfanoni na fitar da sabon zubi, kuma maki 50 a tsohon zubi ba lallai ya zama 50 a sabo ba. A hana sabuntawa daga nesa ba da sanin asibiti ba. A rubuta lambar zubin a rajista, idan ya canza a sake auna iyakar.

Sakataren_Kwamiti

Allah ya saka da alheri. Saura tambayata ta biyu, Likita. Alhakin fa? Kuma wanda makinsa ya yi sama amma GeneXpert ta ce babu, ya za a yi da shi?

Likitan_Ƙirji

Alhaki yana kan mai lasisi da asibitin da ya ɗauko kayan. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa (MDCN) ba za ta kira manhaja gaban kwamitin ladabtarwa ba. Idan ka karanta ƙananan rubutun yarjejeniyar, za ka tarar kamfanin ya riga ya ce kayansa mataimaki ne kawai. Saboda haka a naɗa likita ɗaya da sunansa a matsayin mai kula da shirin, da ikon dakatar da shi ranar da ya ga abin ya karkace, ba sai kwamiti ya zauna ba.

Mai babban maki da gwaji ya wanke kuwa, shi ne aka fi zalunta. Ko dai a sallame shi da “ba ka da tibi”, ko a ɗora shi a kan maganin wata shida saboda an ga ja a allo. Duka biyun kuskure ne. Yana iya zama tsohon tabo, ko nimoniya, ko ruwa a huhu daga ciwon zuciya, ko ciwon daji, ko ƙurar dutse ga masu fasa dutse da masu haƙar zinariya irin na Zamfara, ko kuma tarin fukan ne mai ƙarancin ƙwayoyi. Dole likita ya gan shi a ranar, a sake karɓar kakin asuba, a ba shi ranar dawowa, a rubuta lambar wayar wani nasa.

Na ɗan saɓa da Hajiya a abu ɗaya: ba kamfani ne babban haɗarin ba, ma'aikatanku ne bayan wata shida. Idan suka saba manhaja na yin daidai, sai su daina kallon hoton, su riƙa kallon lamba. Maganinsa, duk wata a zaɓo hoto kamar 30 ba tare da tsari ba, rabi daga masu ƙaramin maki, a ɓoye makin, a tura wa likitan hoto a asibitin koyarwa mafi kusa ya karanta. Kuma rahoton da za a kawo wa kwamiti kada ya tsaya a “mun ɗauki hoto kaza”. Ya nuna nawa manhaja ta nuna, nawa suka ba da kaki, nawa suka samu sakamako cikin awa 48, nawa suka fara magani, maza nawa mata nawa. Idan lamba ta biyu ta yi ƙasa da ta farko sosai, a rage ɗaukar hoto a je a duba teburin karɓar kaki.